Launi da Tsarin Ɗaki a Gidan Bene na Bakin Teku: Darasi daga Tsibirin Lamu

1. Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani salon ƙawata gida ya yaɗu a mujallun gine-gine da tallace-tallacen dillalan gidaje, wanda ake kira salon bakin teku. Alamominsa sanannu ne: farin bango, da shuɗi mai haske a ƙofofi da matasan kujera, da ruwan yashi a daɓe, da katako mai ruwan toka kamar wanda ya daɗe a rana. Asalin wannan salo shi ne gidajen hutu na gaɓar gabashin Amurka, da kuma ƙauyukan tsibiran ƙasar Girka masu fararen soraye. Ana ganinsa yau har a irin gidan benen da dillalai suke kira dufuleks. Wannan kalma kuwa tana da ma'ana biyu. A Amurka tana nufin gini ɗaya da aka raba wa iyali biyu, ko dai gefe da gefe, ko kuwa wani a ƙasa wani a sama. A Nijeriya an fi nufin gidan iyali ɗaya mai ƙasa da sama, wanda matakalarsa take daga ciki.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa launin gidan bakin teku na ainihi, da yadda ake jera ɗakunansa, amsa ce ga abubuwa huɗu da suke damun duk wanda ya zauna kusa da teku a ƙasa mai zafi, watau gishiri, da laima, da iska, da hasken rana. Wanda ya ari launin ya bar dalilin, to, zai kashe kuɗi mai yawa, sa'an nan bayan damina biyu ko uku ya ga fenti yana ɓarewa, fumfuna ta kama bayan kabad, tsatsa ta ci ƙarafan taga. Domin bayanin ya tsaya a kan abin da ido yake iya gani, an zaɓi misali guda, shi ne gidan dutse na Suwahilawa a tsibirin Lamu da ke ƙasar Kenya.

2. Lamu da yanayinta

Lamu tsibiri ne a arewacin gaɓar Kenya, cikin Tekun Indiya, kimanin digiri 2 kudu da layin da ya raba duniya biyu. Garin ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa ba yankewa, mutanensa kuwa Musulmi ne masu harshen Suwahili. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren tarihi na duniya, bisa hujjar cewa shi ne mafi daɗewa kuma mafi kiyayuwa daga cikin garuruwan Suwahilawa na Afirka ta Gabas.

Iska biyu ce take mulkin shekarar Lamu. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar da suke kira kaskazi takan taso daga arewa maso gabas, ita ce a dā take kawo jiragen fatake masu filafilai daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba kuma sai iskar kusi ta juyo daga kudu, da ƙarfi da ruwan sama, ta mayar da jiragen gida. Zafi ba ya yankewa duk shekara, laima kuma tana da yawa, ga iskar ɗauke da gishiri dare da rana.

Yawancin manyan gidajen dutse da suka rage an gina su ne a ƙarni na 18 da farkon na 19, lokacin da garin yake cikin wadata. Bayan haka abubuwa suka juya. Hanyar jirgin ƙasa da aka fara daga Mambasa a 1896, ta isa Tafkin Biktoriya a 1901, ta janye ciniki zuwa kudu. A 1907 aka soke bauta a gaɓar, gandayen attajirai suka rasa ma'aikata. Talaucin da ya biyo baya shi ne ya hana rushe tsofaffin gidaje a yi sababbi, shi ya sa masu nazari suka tarar da su kusan yadda aka bar su. Daga cikin waɗanda suka auna su, suka zana su, akwai masanin gine-gine Usam Ghaidan, wanda littafinsa a kan garin ya fito a 1975, da kuma James de Vere Allen, wanda ya yi aiki a gidan kayan tarihi na Lamu.

3. Kayan gini su ne tushen launi

Maginin Lamu yana da manyan kayan aiki uku. Na farko shi ne dutsen murjani. Ba jan murjanin da mata suke ado da shi ake nufi ba, ana nufin wani farin dutse ne mai ƙofofi kamar soso, wanda ƙananan halittun teku suke ginawa. Iri biyu ne. Akwai tsohon da ya daɗe da bushewa a tudu, wanda ake haƙowa a yi bango da shi. Akwai kuma ɗanye da ake yankowa daga cikin ruwa, mai taushi a lokacin da yake jiƙe, wanda ake sassaƙa wa ado kafin ya sha iska ya yi tauri.

Na biyu shi ne farar ƙasa, wadda suke kira chokaa, ita ma daga wannan dutsen take. Akan tara dutsen a kan itace a ƙone shi, domin sai zafi ya kai kimanin digiri 900 kafin ya saki iskar da take cikinsa. Daga nan a zuba masa ruwa, ya tafasa da kansa ya narke, a bar shi cikin rami ya kwanta har tsawon watanni. Idan aka kwaɓa shi da yashi aka shafa a bango, sai ya riƙa shan iskar nan da ya saki sannu a hankali, har ya koma dutse kamar yadda yake tun farko. Da wannan ake ɗora gini, da shi ake yaɓe, da ruwansa ake shafe.

Na uku shi ne itacen mikoko, wanda yake tsirowa a fadamun ruwan gishiri da suka kewaye tsibiran. Sandunansa, da ake kira boriti, suna da tauri, gara ba ta cika cin su ba. Amma tsawon da za su iya ɗaukar nauyin rufin dutse ba tare da sun lanƙwasa ba bai wuce mita 3 ba. Wannan shi ya ƙayyade faɗin kowane ɗaki, kamar yadda tsawon azara yake ƙayyade faɗin shigifa. Saboda haka ɗakin Lamu dogo ne siriri: faɗinsa kaɗan, tsawonsa kuwa ya kama daga wannan bangon gida zuwa wancan.

Ke nan tun kafin a yi maganar ado, kayan gini sun riga sun ba da launi biyu: farin da yake komawa ruwan madara ko ruwan zuma idan ya tsufa, da kuma duhun itace a sama.

4. Yadda aka jera ɗakuna

Mai zuwa gidan yakan fara da daka, watau wata 'yar rumfa da aka shigar cikin bango a bakin ƙofa, da dakali a kowane gefe. Nan maigida yake ganawa da baƙin da ba za su shiga ciki ba. Ƙofar kanta ta katako ce mai sassaƙa, sau da yawa ta itacen mbambakofi, ɗan'uwan kawo, ko ta mvule, wanda shi ne loko. Bayan ƙofa akwai lungu da yake karya ido, don kada mai wucewa ya hango ciki. A wasu gidaje akwai sabule, ɗakin baƙo mai banɗakinsa, wanda ba ya haɗuwa da iyali.

Daga nan sai tsakar gida, kiwanda, wadda babu rufi a kanta. Ita ce tagar gidan gaba ɗaya, domin bangon waje a hawan ƙasa kusan ba shi da taga, sai 'yan ƙananan kafofin iska. Tsakar gidan takan kasance a arewa, dogayen ɗakunan kuma su jeru a kudu da ita, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne msana wa tini, na biyu msana wa yuu, sa'an nan ndani, ɗakin maigida da uwargida. Kowane ɗaki ya ɗara na gabansa tudu da taki guda, kowanne kuma ya fi na gabansa duhu da sirri. A ɗakunan can ciki ake haihuwa, a nan ake wankan gawa, a nan matar da mijinta ya rasu take takaba. Ghaidan ya bayyana wannan tsari da cewa hawa-hawa ne na kusanci: gwargwadon kusancin mutum da masu gida, gwargwadon zurfin da zai shiga.

Akwai hikimar yanayi a cikin wannan jeri. Kusa da layin tsakiyar duniya rana takan bi ta tsakar ka, zafin da ya fi cutar da ɗaki kuwa shi ne na hantsi daga gabas da na la'asar daga yamma. Waɗannan ɓangarori biyu an toshe su da bango mai kauri, wanda sau da yawa yake manne da na maƙwabci. Fuskar gida tana kallon arewa, inda kaskazi take fitowa a watannin da zafi ya fi tsanani. Tsakanin ɗakunan farko babu ƙyaure, sai manyan ƙofofi buɗaɗɗu, don iska da haske su ratsa. Idan ana son wurin kwana, sai a ja labule a ƙarshen ɗakin, a sa gado a bayansa.

5. Hawa na biyu

Gidan Lamu mai bene ya dace da ma'anonin dufuleks duka biyu. A al'adar manyan gidajen garin, uba ne yake tanadar wa 'yarsa wurin zama idan za ta yi aure, miji ya tare a wurinta. Da yake fili ya yi ƙaranci, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora wani hawa a kan gidan, da tsari iri ɗaya da na ƙasa, da banɗakinsa. Ta haka gini ɗaya yakan ɗauki iyali biyu, kowa da sirrinsa. Idan aka sami gida a tsallaken lungu, akan haɗa su da ɗaki a sama kamar gada, wanda suke kira wikio, mata su riƙa ziyartar juna ba tare da sun sauko titi ba.

A gidajen attajirai kuma an yi zamanin da iyali suke sama, inda iska ta fi kaɗawa, bayi da kayan ajiya suna ƙasa. Wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata a rufe shi da kyan ado ba, domin wadatar da ta gina gidajen tana da gumin bayi a cikinta.

Madafa takan kasance can a kan rufi, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa da ake kira makuti, don hayaƙi da zafin wuta su tashi sama su bar ɗakuna. Banɗaki kuwa yana da ginannen tankin ruwa, inda ake sa 'yan ƙananan kifaye su cinye tsutsar sauro. A gindin tankin akan kafa kwanon tangaran, domin idan an kwashe ruwa kifayen su sami inda za su fake.

6. Launukan cikin gida

Wanda ya shiga irin wannan gida yana neman shuɗin bango ba zai same shi ba. Bango fari ne daga ƙasa har sama, adonsa kuwa sassaƙa ce a jikin yaɓen. Mafi shahara shi ne bangon ƙarshe na ndani, wanda ake cika shi da alkukai jeri-jeri, ƙanana da manya, masu kai kamar na mihirabi. Sunansu zidaka. Gaban wannan bango ake zaunar da amarya, shi ya sa aikin yakan zo tare da shirin aure. Abin lura a nan shi ne, a ɗakin da hasken yake shigowa daga gefe ɗaya, kowane alkuki yakan haifar da inuwa. Fari da inuwarsa sun isa su ƙawata bango ba tare da an ƙara wani launi ba.

Launi na biyu yana rufi. Inda mai gida yake da hali, akan sa sassaƙaƙƙun katakai masu kusurwa huɗu maimakon sandunan boriti, a shafe su da ja mai duhu da baƙi.  Duhun rufin yana sa ido ya huta, yana kuma ƙara fito da hasken bango.

Shuɗi ya shigo ne ta hanyar fatauci. A cikin alkukan nan akan jera farantai da kwanonin tangaran na ƙasar Sin masu zanen shuɗi a kan fari, tare da littattafai da kwalaben turare, kamar dai yadda amarya take jere a ɗakinta. A ƙarni na 19 tangaran na Turai ya biyo baya. Sauran launuka suna jikin kayan da ake iya ɗaukewa: tabarmi na kaba, da labule, da zannuwa, da gadaje masu dogayen ƙafafu da aka shafa wa ja da rawaya irin na Indiya, da kujerar alfarma, kiti cha enzi, ta baƙin itace da aka yi wa ado da ƙashi ko hauren giwa, mazauninta da majinginarta saƙar igiya ce da iska take ratsawa.

Akwai kuma dalili na kimiyya da ya sa launukan bango a gaɓar teku, daga Lamu har tsibiran Girka, ba su da yawa. Farar ƙasa tana da kaifi irin na ruwan toka, kaifin nan kuma yana cinye launuka da dama. Alal misali, shuɗin da aka gano a Balin ta Jamus a farkon ƙarni na 18 yakan dushe ya koma ruwan ƙasa idan ya haɗu da ita. Waɗanda suke jurewa su ne launukan ƙasa, watau jar ƙasa da rawayar ƙasa, da baƙin gawayi, da kuma shuɗin bula. Shi wannan na ƙarshe dā daga wani dutse mai tsada ake samunsa, sai a 1828 aka sanar da samo hanyar haɗa shi a masana'anta a Faransa, daga nan ya yi arha har ya zama bular wanki. Saboda haka jerin launukan da ake sayarwa yau da sunan salon bakin teku, a asalinsa jerin abin da farar ƙasa ta yarda da shi ne.

7. Abin da yake faruwa idan an canja kaya

Bangon da yake kusa da teku kullum yana shan ruwa mai gishiri, daga ƙasa ta gindinsa, daga iska kuma ta fuskarsa. Yaɓen farar ƙasa yana da ƙofofi, laima takan fita ta cikinsa, gishirin ya taru a waje kamar gari, a share. Kaifinta kuma yana hana fumfuna saurin kamawa. Idan shafen ya tsufa, sabunta shi aikin buroshi da bokiti ne.

Siminti mai ƙarfi da fentin mai ko na roba suna yin akasin haka a kan tsohon bangon murjani. Sukan toshe hanyar fita, ruwan ya maƙale a ciki, ya hau sama yana neman kafa. Inda ya bushe, gishirin yakan daskare a ƙarƙashin fentin, ƙwayoyinsa su kumbura su ture abin da yake kansu. Wannan shi ne asalin ƙurajen da ake gani a jikin fenti, da filastar da take ƙara kamar ganga idan an ƙwanƙwasa. Haka kuma gishiri yana ratsa kankare ya kai ga rodi, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta fasa kankaren daga ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A bakin teku tsagar da ba ta kai kaurin zare ba ta ishi gishiri.

Lamu kanta ba ta tsira daga wannan ba. Tun shekarun 1970 da 1980 Hukumar Gidajen Tarihi ta Kenya ta shiga aikin kiyaye garin, aka tsara ƙa'idojin gyara, amma siminti da kwano sun fi sauƙin samu, masu sanin aikin zidaka kuma ba su da yawa. A 1982 gwamnati ta hana fitar da sandunan mikoko waje saboda dazuzzukan suna raguwa. Yanko ɗanyen murjani daga teku ma ba abin da za a ci gaba da shi ba ne, tun da shi ne mafakar kifi da garkuwar gaɓa. Dutsen gini daga tudu ake haƙo shi, musamman a tsibirin Manda da ke maƙwabtaka. A watan Mayu na 2021 kuma aka buɗe kashin farko na sabuwar tashar jiragen ruwa a yankin, abin da ya ƙara wa masu kiyaye tsohon garin nauyi.

8. Darussa ga mai gina gidan bene a gaɓar teku

Ba a ce kowa ya gina gidan murjani ba. Mai gini a Legas ko Kalaba ko Mambasa yau da bulo da kankare zai yi. Amma ƙa'idojin da suka fito daga misalin Lamu suna aiki a can ma, ga su kamar haka.

Na ɗaya, a fara da iska kafin launi. Kowane ɗaki ya sami kafa a ɓangarori biyu, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. A gidan bene, ramin matakala yana iya zama tamkar tsakar gidan Lamu: iska mai zafi sama take tashi, idan aka bar taga a ƙololuwar matakala sai ta fice, ta jawo mai sanyi daga ƙasa. Manyan tagogin gilashi a gabas da yamma, ba rumfa a kansu, sukan mayar da ɗaki tanda, su bar mai gida da kuɗin wuta na na'urar sanyaya ɗaki.

Na biyu, a bambanta ƙasa da sama. Hawan ƙasa ya fi duhu da laima, saboda haka ya fi bukatar bango mai haske da shafen da laima take iya ratsawa. Hawan sama yana samun haske daga sararin sama da kuma wanda ruwa da yashi suke maidowa, fari fat a can yakan kashe ido. Ruwan madara ko ruwan yashi ya fi dacewa. A waje kuwa, musamman a rufi, fari ya fi kowane launi amfani, domin sabon farin shafe yana mayar da kusan kashi uku cikin huɗu na hasken rana, baƙi kuwa yana shanye mafi yawansa ya mai da shi zafi.

Na uku, a taƙaita launi. Masu ƙawata ɗaki suna da wata ƙa'ida ta kashi 60 da 30 da 10: babban launi ya ɗauki kaso mafi yawa, na biyu ya tallafa masa, na uku ya zama ɗan gishirin miya. Gidan Lamu ya bi wannan tun kafin a sa mata suna: farin bango, da duhun itace, da ɗigon shuɗi da ja. Darasin da ya fi muhimmanci shi ne a ajiye launi mai ƙarfi a jikin abin da ake iya wankewa ko shanyawa ko canjawa, watau labule da tabarma da matashi da faranti. Rana da gishiri suna kashe launi mai ƙarfi a bango da wuri, gyaransa kuma sai an sake fentin ɗaki duka.

Na huɗu, kayan ɗaki su bar wa iska hanya. Gado da kujera masu ƙafafu sun fi waɗanda suke zaune daɓas a ƙasa. Kabad ya ɗan ja baya daga bangon waje, ƙyaurensa kuma ya zama mai tsaga-tsaga. Kafet na bango zuwa bango yana riƙe laima da yashi, tabarma ko darduma da ake iya fitarwa rana ta fi shi. Katakon da aka matse daga garin itace yakan kumbura ya wargaje idan ya sha laima. Ƙarafan ƙofa da taga kuwa, na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa sun fi na baƙin ƙarfe daɗewa, ko da sun fi tsada a ranar saye.

Na biyar, a gwada kafin a zartar. A shafa launin a wani yanki na bango, a dube shi da hantsi, a dube shi da la'asar, a dube shi da fitila. Mai aiki da ruwan farar ƙasa ya sani cewa launinsa yakan yi haske ƙwarai bayan ya bushe, ba ya kama bangon da aka riga aka yi wa fentin mai, yana kuma ƙona ido da fata, don haka sai da kariya.

Na shida, a tuna da mutanen da za su zauna. Tsarin da ake gani a mujallu, inda falo da wurin cin abinci da madafa suke haɗe babu shamaki, an yi shi ne don rayuwar da baƙo yake shiga ko'ina. Iyalin da yake son baƙo ya sami girmamawa ba tare da ya kutsa cikin sirrin gida ba, zai fi amfana da jerin Lamu: wurin ganawa a bakin ƙofa, da lungu mai karya ido, da ɗakin baƙo mai banɗakinsa, da matakalar da ba ta bi ta tsakiyar baƙi ba.

9. Kammalawa

An ga cewa a Lamu dutsen teku ne ya ba da farin bango, itacen fadama ya ƙayyade faɗin ɗaki, iskar kaskazi ta juya fuskar gida, al'adar aure ta ɗora hawa na biyu, fatauci kuma ya kawo shuɗi a kan faranti. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka zaɓa don kwaikwayon wani wuri. Ɗalibin da yake koyon zanen gini, da ma'aikacin da zai sa hannu a takardar izinin gini ko kwangilar gidajen ma'aikata, da wanda ya tara kuɗin sallamarsa zai gina gidan kansa, duka suna bukatar su yi tambayoyi kaɗan kafin su buɗe littafin launukan fenti: daga ina iska take zuwa, ina rana take bugawa, ta ina laima za ta fita, wa zai zauna a ƙasa, wa zai zauna a sama. Kayan aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara. Idan aka amsa tambayoyin nan bisa gaskiyar wurin da za a yi ginin, launukan da suka dace za su ragu zuwa 'yan kaɗan, zaɓi a tsakaninsu kuma ba zai yi wuya ba.